Kafin sabon mahayi ya sa ƙafa a likkafa: zare a kan sirdi, linzami da tarihin doki a Kaduna

1/ Jama'a, zare ne mai ɗan tsawo, ku samu wuri ku zauna. Maganar yau ita ce yadda ake shirya doki da sabbin kayan hawa domin wanda bai iya ba, da yadda wannan ilimi ya iso Kaduna ta hanya biyu, ta bargar sarakuna da ta barikin soja.

2/ Abin da ya sa na ɗauko ta: duk Sallah da lokacin biki za ka ga samari sun yi hayar doki a Kawo, Badarawa ko Unguwar Sarki, suna sukuwa a kan kwalta. Wani ma ranar ce ya fara hawa. In an faɗi sai a ce dokin ne mai taurin kai. Ni a ganina faɗuwar tun a turke ake ɗaura ta.

3/ Mu fara da sunayen kayan. Sirdi, linzami, likkafa, duk ukun daga Larabci muka aro su: sarj, lijam, rikab. Doki kam ya daɗe a ƙasar nan kafin su. Ƙananan dawaki ne, ana hawansu da zallar baya, igiya kawai a ka. Kayan ne suka zo daga baya, ta hanyar Sahara.

4/ Masanin tarihi Robin Law, a littafinsa na 1980 kan doki a Afirka ta Yamma, ya nuna cewa wajen ƙarni na 13 zuwa na 14 ne waɗannan kaya suka bazu a yankin, tare da manyan dawaki daga arewa. Daga nan yaƙi ya canja kama, domin mai likkafa yana iya tsayawa ya soki abu bai zame ba.

5/ Kundin tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ake sa mulkinsa tsakanin 1390 da 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Ku duba nauyin da aka ɗora wa doki da mahayi. Dole a samu mutanen da aikinsu kawai shi ne ɗaura waɗannan kaya daidai.

6/ Shi ya sa fada ta cika da sarautun doki: Madawaki, Ubandawaki, Shamaki mai kula da barga, Sarkin Zagi da mutanensa masu tafiya a gaban dokin sarki. A ƙarƙashinsu akwai 'yan barga, masu yankan ciyawa, masu wanka da sharce doki. Su ne makarantar hawa ta asali, ko da yake ba allo ba takarda.

7/ Sirdin gargajiya aikin hannu uku ne. Masassaƙi ya sassaƙa itacen, baduku ya rufe shi da fata, maƙeri ya ƙera likkafa da linzami. Yana da kwacciya mai tsayi gaba da baya, ka zauna a ciki kamar an sa ka a kujera. Har yau in ka shiga kasuwar Kurmi a Kano za ka tarar da masu wannan sana'a.

8/ Wannan tsayin kwacciya yana taimakon sabon mahayi, don da wuya ya zame gaba ko baya. Amma itace ne, ba ya lanƙwasa. In bai dace da bayan dokin ba, ko an yi rowar zubka a ƙarƙashinsa, kafin yamma ya fasa baya. Dokin da bayansa ke ciwo kuwa duk wanda ya hau shi abokin gaba ne.

9/ Sai linzami, kuma nan ne zancen yake. Linzamin gargajiya yana da ƙarfe mai tudu a cikin baki da zobe da ke zagaye haɓar doki. An yi shi ne don tsayawa nan take. Da shi ake jahi, a taho a guje a ja birki gaban sarki, ƙura ta tashi. Ɗan taɓi kaɗan ya isa.

10/ To ka ba wanda bai iya ba wannan linzami. Da doki ya motsa sai tsoro ya kama shi, ya riƙe kamazuru da ƙarfi don kada ya faɗi. Ƙarfen ya datse bakin doki, doki ya ɗaga kai ko ya miƙe tsaye. Yaro ya ƙara ja. Jan kumfar da kuke gani a bakin dokin haya ranar Sallah, daga nan take fitowa.

11/ Mutanen da sun san haka sarai. Ba a miƙa wa yaro linzami ranar farko. A ɗora shi a kan tsohon doki mai sanyi, babba ya riƙe ragama yana ja, shi aikinsa ya koyi zama. Kai doki shan ruwa, dawo da shi, tafiya a hankali da yamma. Sai zama ya zauna sannan hannu ya samu izini.

12/ Bari in ɗan fita waje in dawo, don ku ga ba mu kaɗai muka gano wannan ba. A ƙasashen sanyi akwai wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara da allo guda, ƙafa biyu a ɗaure a kai. Asalinsa 1965 ne a jihar Mishigan ta Amurka, inda Sherman Poppen ya haɗa wa 'ya'yansa mata allon wasa.

13/ Allon nasa har igiya aka sa masa a gaba ta riƙewa, kamar dai ragama. Wasan ya girma har ya shiga gasar Olamfik ta hunturu a Nagano ta Japan a 1998. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda suke yi wa sabon allo in ɗan koyo ne zai hau.

14/ Gefen allon ƙarfe ne mai kaifi, da shi gwani ke yanka kwana. Ga ɗan koyo kuwa kaifin nan ne ke cafkar ƙanƙara ya buga shi da ƙasa. Sai su sa zarto su dakushe shi wajen goshi da wutsiya, su shafa wa cikin allon kakin zamiya, su daidaita maɗaurin ƙafa da faɗin kafaɗar mai hawa.

15/ Wato a rage wa kayan kaifi, a auna su da jikin mai koyo, a gama duk wannan kafin a hau. Abin da ɗan barga ke yi ke nan in ya ajiye linzami mai zafi ya ɗauko ragama. Mu dawo gida.

16/ Kaduna ba tsohon birnin sarauta ba ce kamar Zariya ko Katsina. Jirgin ƙasa da soja ne suka kafa ta. Lugga ya zaɓi wurin, aka kwaso rundunar WAFF, aka tashi daga Zungeru, a 1917 ta zama hedikwatar Arewa. Titin da muka taso muna kira Waff Road sunan rundunar nan ne ya ɗauka.

17/ Turawan nan da doki suke aiki. Di'o da Razdan a kan doki suke rangadi, rundunar ma tana da sashen sojan doki. Sun zo da nasu sirdin, shimfiɗaɗɗe mara kwacciya mai tsayi, da siririyar likkafa, da linzami mai sauƙi a baki. Masu kula musu da dawakin kuwa mutanenmu ne.

18/ Nan ne ilimi biyu suka haɗu a hannun mutum ɗaya. Ɗan bargar da ya gaji ɗaura sirdin itace ya koyi shafa wa sirdin Bature sabulu da mai, ya koyi naɗe ƙafar doki da bandeji, ya koyi auna igiyar likkafa da tsawon hannun mahayi. Jikokinsu na sana'a suna nan a Kaduna har yau.

19/ Kiwon doki a nan ma sai da lura, domin da ka gangara kudu ka shiga ƙasar ƙudan tsando, mai sa sammore, ciwon da ke karya doki. Tun zamanin Turawa aka kafa cibiyar binciken wannan ciwo a Kaduna, wadda yanzu ake kira NITR, tana nan Unguwar Rimi.

20/ Sai wasan folo, ƙwallon dawaki. Sojan Ingila a Indiya suka tsince shi, suka yaɗa shi duk inda suka je. A Legas an kafa kulob tun 1904. Na Kaduna ana sa kafuwarsa a 1918, shekara guda bayan garin ya zama hedikwata. Ka ga kusan tare suka girma da garin.

21/ A 1919 bankin Bank of British West Africa, wanda ya zama First Bank, ya ba da kofin Georgian. Shi ne kofin da manyan 'yan wasa ke fafatawa a kai a Kaduna, sama da shekara 100 ke nan. Filin yana nan dandalin Murtala, inda a da ake kira filin sukuwa.

22/ Wanda ya fitar da wasan daga hannun Turawa zuwa gidan sarauta shi ne Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944. Ya je Ingila a 1921, ya dawo ya kafa wasan a Katsina, ya sa 'ya'yansa da mutanen fada a ciki.

23/ Ɗansa Usman Nagogo, Sarkin Katsina daga 1944 zuwa 1981, ya kai matakin gwaninta na 7, a ma'aunin da ke farawa daga 2 ƙasa da sifiri ya tsaya a 10. Duk duniya 'yan kaɗan ne ke wuce 5. Shi kuma ɗansa Janar Hassan Usman Katsina, gwamnan Arewa a 1966, a nan Kaduna ya riƙe wasan har rasuwarsa a 1995.

24/ Kaduna ta ga hawan daba manya. A Fabrairun 1956 sarakunan Arewa suka yi wa Sarauniya Elizabeth hawa. A 1959 aka yi na murnar mulkin kai na Arewa, zamanin Sardauna. A 1977 aka yi na FESTAC, wanda dominsa aka gina otal ɗin Durbar da aka rushe a 2020.

25/ Ku yi tunanin dubban dawaki daga masarautu daban-daban, ingarmu da ba su san juna ba, ga tambura, ga algaita, ga bindiga. Hoto ya ɗauki sarakuna da alkyabbu. Bai ɗauki wanda ya tashi tun asuba yana duba majanyi ɗaya bayan ɗaya ba. Amma ba don shi ba da hawan ya zama turmutsitsi.

26/ Folo ya ƙara wa shirin doki wasu ƙa'idoji, don wasa ne na gudu da karo. 'Yan wasa 4 kowane gefe, fili mai tsawon yadi 300, zagaye ɗaya minti 7 da 'yan kai, ana canja doki tsakanin zagaye. Sanda a hannun dama kawai ake riƙe ta, ko kai bahago ne, don kada a yi gaba da gaba.

27/ Kafin doki ya shiga fili sai an naɗe ƙafafunsa huɗu, an aske gezarsa, an tufke wutsiya don kada sanda ta sarƙe. A sa ɗamarar ƙirji don kada sirdi ya ja baya, a ƙara majanyi na biyu a kan na farko. Mahayi kuma ba hular kwano ba wasa. Kowace ƙa'ida a nan wani rauni ne ya haife ta.

28/ Wani bambanci da ba a cika lura da shi ba: a al'adarmu ingarma ake hawa, namiji ya hau goɗiya abin dariya ne. 'Yan folo kuwa goɗiya da dandaƙaƙƙen doki suka fi so, musamman irin na Ajantina, don sun fi natsuwa cikin taro. Sabon mahayinmu kuma ingarma ake miƙa masa, ranar da gari ya fi cika.

29/ Na kan zauna da wani dattijo da ya tsufa a aikin barga, muna ce masa Baba. Shi ya nuna min tsarin da zan jero yanzu, kuma in kun lura rabinsa na fada ne, rabinsa na bariki. A wurinsa duk abu ɗaya ne, aikin doki.

30/ Na farko, zaɓen doki. Sabon mahayi da sabon doki ba sa haɗuwa, dole ɗaya ya zama malamin ɗaya. A ba ɗan koyo dokin da ya manyanta, wanda ya saba da mota da ganga. Kyan launi, akawal ne ko kili, wannan na mai hoto ne. Kuma dokin da ya kwana biyu a turke yana cin hatsi, gwani ya fara motsa shi tukuna.

31/ Na biyu, sabon sirdi. Sabuwar fata tauri gare ta da santsi. A shafa mata mai kaɗan-kaɗan na 'yan kwanaki, a murza igiyoyin har su yi laushi, a duba ɗinki da ƙulli ɗaya-ɗaya. Wanda ya iya ya fara hawa da shi gajeriyar tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

32/ Na uku, ɗorawa. A sharce bayan doki tas, don ɗan tsakuwa ɗaya a ƙarƙashin zubka ya isa ya haukata shi. A ɗora sirdi ta gaba a ja shi baya yadda gashi ya kwanta. Tsakanin sirdi da ƙashin doron doki a bar wurin da yatsu biyu zuwa uku za su shiga.

33/ Na huɗu, majanyi. Doki yana kumbura ciki in ana ɗaure shi. Ka ja a hankali, ka ja shi ya taka kaɗan, ka dawo ka ƙara. Bayan an hau an yi 'yar tafiya a sake dubawa. Sirdin da kuke gani ya juye zuwa cikin doki da mutum a kai, wannan dubawar ta biyu ce aka tsallake.

34/ Na biyar, likkafa. A sirdin Turawa ga awon da aka gada: sa yatsunka inda igiyar ta rataya, ka miƙe hannu, ƙarfen ya kai hammatarka. Biyun su zo daidai. Gaban tafin ƙafa kawai ke shiga, dunduniya ƙasa. Takalmi ya zama mai dunduniya, ban da silifas.

35/ Dalilin takalmin: mafi munin haɗarin doki shi ne mutum ya faɗi ƙafarsa ta maƙale a likkafa, doki ya firgita ya ja shi. Likkafar gargajiya mai faɗi ma tana da nata, gefenta na da kaifi, gwani na zungurar doki da shi. Mai tsoro in ya matse ƙafa yana ba doki umarnin gudu bai sani ba.

36/ Na shida, baki. A sa linzami mafi sauƙi da dokin zai ji, ko a bar shi da ragama wani ya ja. Ƙaimi da bulala a ajiye su a gida. In yaro na neman abin riƙewa, ya riƙe kwacciya ko geza. Kamazuru magana ake yi da shi, ba a rataya a jikinsa.

37/ Na bakwai, ƙasa. Yawancin dawakinmu ba a sa musu takalmin ƙarfe, a kan rairayi da jar ƙasa suka saba. Kwalta tana cin kofato, tana kuma da santsi a kwana. A fara a fili mai taushi, tafiya kafin sassarfa, sassarfa kafin sukuwa. Hular kwano ko ta mashin ce ta fi hula zanna tare kai.

38/ Abin da ke ba ni takaici shi ne ilimin nan bai ɓace ba. Yana nan a bargogin da ke kewayen dandalin Murtala, yana makarantar sojoji ta NDA inda ake koya wa ɗalibai hawa, yana Fifth Chukker a hanyar Jos, yana fadar Zazzau. Tazarar da ke tsakaninsa da yaron da ya yi haya a unguwa ita ce matsalar.

39/ A da hawa na masu barga ne, kuma duk mai barga yana da mai koyarwa. Yanzu kuɗin awa ɗaya ya isa ka hau, abin da ni ban ga laifinsa ba, doki ba na wasu ne su kaɗai ba. Sai dai an sayar da hawan an bar tarbiyyar a baya. Mai haya yana sauri ya karɓi doki ya miƙa wa na gaba.

40/ Kuma ba mahayi kaɗai ke biya ba. Akwai yaran da ke bakin titi suna kallo, akwai mai Keke Napep, akwai tsohuwa mai tsallaka hanya. Akwai shi kansa dokin, da ke komawa turke da fasasshen baya da yankakken baki, gobe a sake ɗaura masa sirdi a kan ciwon.

41/ In abin ya yi yawa, abin da hukuma ta fi sani shi ne hani. In aka hana kuma, yaron talaka ne zai rasa doki gaba ɗaya, masu kulob ba abin da zai taɓa su. Gara masu haya su gyara da kansu: mai ja ga duk sabon mahayi, linzami mai sauƙi, fili maimakon titi.

42/ Kai kuma da za ka hau bana, tambaya huɗu kafin ka biya. Dokin nan ya saba da ɗan koyo? Ɗaga sirdin in ga bayansa. Wa zai riƙe min ragama? A ina za mu hau? Wanda ya ji haushin tambayoyin nan, ka riƙe kuɗinka. Faɗin ban iya ba bai taɓa karya ƙashin kowa ba.

43/ Roƙona ga 'yan uwana ɗalibai, musamman na sashen tarihi da na Hausa: sunayen masu kofi suna rubuce, na 'yan barga ba su. In kakanka ko maƙwabcinka ya yi wannan aiki, ɗauki waya ka naɗi hirarsa, sunan kowace igiya da yadda ake ɗaura ta. Aikin kammala digiri ne guda a zaune.

44/ Nan zan tsaya. Mutanen Zariya, Katsina, Kano, Sakkwato da 'yan uwa na Maraɗi da Damagaram, ku faɗa mana yadda ake fara koya wa yaro hawa a wajenku da sunayen kayan a bakinku. A tura wa duk wanda aka san yana shirin hayar doki. Allah Ya tsare mahayi da abin hawansa.